Audugar gilas ke ƙaiƙayi, amma ƙurar tsohon silin ce abin tsoro

Kwanakin baya na leƙa gidan wani ɗan'uwana a unguwar Mabera ta Sakkwato, inda ake cire tsohon silin asbesto za a sa na roba. Kafinta na sama yana ɓamɓarowa, yaransa biyu na ƙasa suna karɓa. Fallen da ya ƙi shiga baro sai su taka shi ya karye. Farar ƙura ta turnuƙe ɗakin har ta hau girarsu, babu mai ko ƙyalle a hanci. Amma da aka kwance audugar gilas da maigidan ya sayo don rage zafin kwano, nan da nan kowa ya nemi safar hannu. Na tambayi dalili, kafintan ya ce: "Malam, wagga ita ka cin jiki, wancan ƙura ce kawai."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin ya ɗora tsoronsa inda bai kamata ba.

Gaskiya ne audugar gilas da 'yar'uwarta ta dutse suna sa ƙaiƙayi, da jan ido, da kartar maƙogwaro. Duk wanda ya taɓa buɗe bayan tsohon firij ko tandun burodi ya san haka. Sai dai zarenta in ya karye guntulewa yake yi, kuma mafi yawan wanda ake yi yanzu ruwan cikin huhu na narkar da shi a hankali. Shi ya sa a 2001 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta cire audugar da ake rufin gini da ita daga jerin abubuwan da ake zargi da jawo kansa, bayan ta duba bayanan ma'aikatan masana'antunta na shekaru masu yawa. Cikin waɗanda ta bari cikin zargi akwai audugar tangaran da ake sa wa manyan tandunan masana'antu.

Asbesto kuwa ma'adini ne, kuma zarensa tsagewa yake yi a tsaye, ya yi ta sirancewa har ido ba ya ganinsa. Ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi. Ya shiga can ƙuryar huhu ya soke, jiki ya kasa narkar da shi, ya zauna shekara 20, 30, har 40 kafin ya nuna kansa. Daga nan sai huhu ya taurare numfashi ya gagara, ko kansar huhu, ko kansar fatar da ta lulluɓe huhu, wadda mafi yawan masu ita za a tarar sun taɓa shaƙar asbesto. Mai shan taba kuma haɗarinsa ninkuwa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta fiye da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki, kuma ta ce babu nau'insa mai aminci, har da farin da aka fi zubawa cikin siminti. Ingila ta haramta shi baki ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008.

Yaron nan mai taka silin bai wuce shekara 17 ba. In abin ya taso masa yana da shekara 50, wa zai tuna da ɗakin Mabera? Za a ce tarin fuka ne, ko ƙurar hunturu ce ta kama shi.

Na san za a ce gidajenmu nawa ke da wannan silin, mun kwana ƙarƙashinsa tun muna yara ba abin da ya same mu. Haka ne, muddin yana lafiya ba a taɓa shi ba, siminti na riƙe da zaren. Fasawa, da yanka da injin, da shara a bushe su ke sakinsa. Kuma yanzu ne lokacin fasawar, tunda kowa na son sabon silin. Ba kowane falle da muke kira asbesto ke ɗauke da shi ba, amma ido ba ya rarrabewa, don haka tsohon gini a ɗauka akwai.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin maigida ba. A jiƙa fallen da ruwa kafin a taɓa, a zare ƙusa a sauke shi ɗungurungum, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙyalle ko rawani ba ya tare wannan zare, sai takunkumi mai matata. Tufafin aikin kuma kada a kai wa uwargida ta kakkaɓe a tsakar gida cikin yara.

Ina roƙon ma'aikatar muhalli ta jiha ta zauna da shugabannin kafintoci da birkiloli, a kuma yi bayanin nan da Hausa a gidan rediyon Rima, a ware wurin binne ɓaraguzan. Ran nan da zan fito, na tarar an tara su a ƙofar gida, wata maƙwabciya ta aiko a ba ta manya-manyan za ta rufa akurkin kaji.