Baƙin wata ɗaya: ciniki ne, mu daina karɓarsa kamar sadaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau maganata ta ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri.

Akwai wata al'ada da manyan kamfanonin duniya suka ɗauka, wadda da yawanmu a nan Damagaram mun ga masu yin ta, amma ba mu san yadda aka tsara ta ba. Kamfani ne zai tsamo ƙwararrun ma'aikatansa, injiniya da mai lissafin kuɗi da masanin kwamfuta da mai harkar talla, ya tura su wata ƙasa su yi wa wata ƙungiya ko asibiti ko ma'aikatar gwamnati aiki kyauta. Albashinsu bai tsaya ba, kuɗin jirgi da masauki duk a wuyan kamfanin. Kamfanin magani na Pfizer ya soma nasa a 2003, yana tura mutum wata uku zuwa shida. IBM mai harkar kwamfuta ta soma a 2008: a lokacin takan haɗa mutum goma zuwa sha biyar daga ƙasashe daban-daban, su yi wata uku suna shiri ta intanet, sannan su sauka su yi sati huɗu. Gana da Tanzaniya na cikin ƙasashen da ta fara da su, daga baya ta kai har jihar Kuros Riba a Najeriya. Kamfanin SAP na Jamus ya biyo sahu a 2012, shi ma wata ɗaya.

Ni ina son abin, kada wani ya ce na zo ɓata shi. Abin da ke damuna shi ne yadda muke tarbarsa.

Kamfanonin nan ba su ɓoye dalilinsu ba. Da bakinsu suke cewa hanya ce ta horar da shugabannin gobe. A ɗauko mutum daga ofis mai sanyi, a jefa shi inda kuran ke ɗaukewa sau da yawa a yini, inda ba ya jin yare, a ga yadda zai yi. Idan ya koma gida ya fi yadda ya tafi, kamfani kuma ya san sabuwar kasuwa, ya samu hotunan sakawa cikin rahoton shekara. Wani ma sunansa ke buƙatar wanki. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi a 1996, lokacin annobar sanƙarau, ba. To tunda shi ma mai zuwan riba yake ci, garinmu ne makarantarsa, matsalarmu ce darasinsa, me zai sa mu tsaya gabansa da hannu biyu muna ta godiya? Ciniki ne. Mai ciniki kuwa yana da bakin faɗin abin da yake so da abin da ba ya so.

Ku duba yadda sati huɗun ke ƙarewa. Satin farko na gaisuwa ne: a je wurin gwamna, a je ma'aikatar magajin gari, a kai gaisuwa fada, a zaga Birni a ɗauki hoto jikin gidajen zane, a leƙa wurin dukawa a sayi jaka. Gaisuwa wajibi ce, ba wanda zai shigo garin Tanimu ya kama aiki bai gaida Sarki ba, amma kwana biyu sun isa. Satin ƙarshe kuma na rubuta rahoto ne da shirin bikin rufewa, da kujerun haya da lemo. Saura sati biyu a tsakiya, cikinsu akwai Juma'a da Asabar da Lahadi, akwai ranar da kat-kat ta lalace, akwai ranar da cikin baƙo ya ɓaci. Tambayar da suka zo amsawa ma, sau da yawa a Yamai aka rubuta ta, a teburin wanda bai taɓa shiga Kasuwar Dole ba.

Duk da haka na ga inda abin ya yi amfani, kuma shi ya sa ban yanke ƙauna ba. Wata ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa da nake taimaka wa da lissafi ta taɓa samun irin waɗannan baƙi. Cikinsu akwai wata mace mai lissafin kuɗi. Ba ta kunna majigi ba, ba ta tara mutane a zaure ba. Tabarma ta samu ta zauna kusa da murhu tun daga suyar gyaɗa har zuwa fitar ƙuli-ƙuli daga kasko, tana tambaya ta bakin tafinta. Tiya nawa aka soya? Nawa aka ba mai injin markaɗe? Icen nan na nawa ne? Bido nawa na ruwa aka saya wurin ga-ruwa? Da ta zo kan ice da ruwa, shugabar ƙungiyar ta yi dariya ta dube ni ta ce, "Ɗana, gaya wa baƙuwarka, ice da ruwa ai na gida ne, ba a lissafa su." Na ce, "Hajiya, ai ita ma abin da take so ki ji kenan, na gidan da kuɗi kika saye su." Aka jera komai a takarda. Sai ga shi man da suke tinƙaho da shi da ƙyar yake mayar da uwar kuɗi, ribar duk a tunkuza take, a ƙuli-ƙulin da suke sayarwa da araha suna ƙara wa yara gyara. Hajiya ta yi shiru, can ta ce a sake karanto mata daga farko.

Wannan aikin yini biyu ne, kuma ya canza yadda matan ke yanka farashi har yau. Sauran kwanakin kuwa, abokan tafiyarta sun kashe su ne wajen gina wani tsarin lissafi a kwamfuta, mai kyau ƙwarai, da Faransanci, ga launi ga zane. Matan da aka yi dominsu yawancinsu allo suka yi, ajami suke karantawa. Kwamfutar tana cikin kabad, lambar sirrin buɗe ta ta tafi da wanda ya sa ta. Abin da ke aiki shi ne kaye ɗaya da 'yar Hajiya ta ja wa layi da bik, gida biyar: gyaɗa, markaɗe, ice, ruwa, ciniki.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ba zagi ba ne, lissafi ne. Mun ga baƙin da suka daɗe. 'Yan sa kai na Amurka, Peace Corps, sun yi aiki a ƙasar nan daga 1962 har Janairun 2011, lokacin da aka janye su bayan sace Faransawa biyu a Yamai. Shekara biyu kowannensu ke yi a ƙauye, ya ji Hausa, a raɗa masa suna, ya sha fura. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya fi shekara goma sha biyar a yankin Maraɗi yana yaɗa sassaben zamani, wato a bar kututture ya tofo, a rage masa rassa maimakon a tumɓuke shi. Gawon da ya cika gonakin Magarya da Matamai da Mirya kuwa manoma ne suka raine shi da hannunsu, shekara da shekaru. Ba wanda zai yi irin wannan a sati huɗu, kuma ban ce a nemi ya yi ba. Cewa nake a auna aikin daidai da kwanakin.

Misali, kada a sake kawo mana ƙwararru su yi wata guda suna nazarin matsalar ruwan Damagaram. Yaron da ke tura kura ya san ta. Garin bisa dutse yake zaune, ruwan daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arungoza, daga Ganaram, jama'a kuma kullum ƙaruwa suke. Abin da ya rage kuɗi ne da bututu da wuta, shawara ta yi yawa. Amma a ce ga ɗakin magani na asibitin unguwa, magani na ƙarewa ba a sani ba, wani kuma na lalacewa a kwali, a gyara mana yadda ake rubuta shiga da fita: wannan aikin wata ɗaya ne. A ce ga dukawa suna son sayar da kaya waje, a zauna da su a kan awo da ɗinki da farashi da yadda ake tura kaya. A ce ga firjin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana, a koya wa mutum biyu gyaransa da kayan da ake samu a Kano. Tambaya ƙarama, mai baki, wadda mai matsalar ya faɗa da kansa.

Sai sharaɗin da na fi nacewa a kai. Kowane baƙo a haɗa shi da ɗan gari, mutum guda mai suna, wanda zai yi aikin da hannunsa baƙon yana kallo. Jami'ar André Salifou tana yaye matasa kowace shekara, da yawansu suna zaune a fada suna dafa shayi. A ɗauko su, a biya su. Kuɗin masaukin baƙo ɗaya na sati zai riƙe matashi wata da watanni bayan an tafi. Kuma biyan aiki nake nufi, ba kuɗin zama ba. Kuɗin zaman nan da furoje-furoje suka saba mana da shi ya lalata mu: a kira taro, wanda ya dace ya zo yana wurin aikinsa, sai a turo ƙanin shugaba ya sa hannu ya karɓi jika biyar. Wannan laifin namu ne, ba na baƙo ba.

Kuma mu riƙa tuna musu cewa ba hannu wofi za su koma ba. Tsarin asusun Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau ƙasashe da dama na Afirka da Asiya suna aiki da shi. Ma'aikacin bankin da ya zauna ya ga yadda matan da ba su yi boko ba ke riƙe akwati, kowace ta san bashin kowace da ka, ya ƙaru da abin da ba a koya masa ba a makaranta.

Na san wani zai ce, Malam, wane baƙo kuma? Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Turawa sun yi ƙaranci, wanda ya zo ma ba ya fita Yamai yadda ya ga dama. Gaskiya ne. Shi ya sa nake juyowa kanku, 'ya'yan Damagaram da ke aiki a bankuna da kamfanonin waya a Yamai, da masu aiki a Abijan da Dakar da Faransa da Amurka. Wasunku kamfanoninku na da irin wannan tsari, ba ku taɓa nema ba, ko kun nema an tura ku wata nahiya alhali ga gida. Ku kuna jin Hausa, ba ku buƙatar tafinta, ba ku buƙatar satin gaisuwa, gidan Inna za ku sauka. Matatar man fetur ta SORAZ ma, da ke nan kan hanyar Tanut tun 2011, tana da injiniyoyin wuta da masu walda da masu kula da ɗakin ajiya. Da za ta ba kowannensu sati ɗaya a shekara ya yi a asibiti ko makarantar koyon sana'a, albashinsa na tafiya, da an ga bambanci, ba jirgi ba biza.

Wanda ke da niyya ya rubuta a ƙasa sana'arsa da watan da yake samun hutu. Shugabannin ƙungiyoyi kuma ku rubuto matsala ɗaya tak, cikin layi biyu, da sunan wanda zai riƙe aikin idan mai taimakon ya koma. Wanda ya rubuto "muna neman tallafi" zan mayar masa ya sake.