Annabcin shekara biyu da wasiƙar shekara 70

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, yau dai zan faɗa. Wanda ransa ya ɓaci ya yi mini gafara.

Duk daren 31 ga Disamba majami'unmu kan cika maƙil. A yi kiɗa, a yi rawa, sannan a raɗa wa sabuwar shekara suna: shekarar buɗi, shekarar ɗaukaka, shekarar da ba za ka ci bashi ba. Mu ɗaga hannu mu ce amin da ƙarfi. Ba amin ɗin nake ƙi ba, ni ma ina son buɗin. Damuwata tana watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga kuɗin makaranta na Satumba yana leƙowa. A lokacin ne kujerun da suka cika a Disamba kan fara yin fili. Ka bi mutum gida ka tambaye shi ko lafiya, sai ya ce maka, "Na yi azumi, na fid da zakka, na shuka iri, me Allah ya yi mini?" Ba na ganin laifinsa sosai. An ba shi bangaskiya mai wa'adin wata goma sha biyu, wa'adin kuwa ya kusa cika bai ga komai ba.

Kuma wahalar ba ƙarya ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A tsakiyar 2024 ɗin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ga gonakin da aka bari saboda 'yan bindiga. Duk wanda zai yi wa mutanen nan maganar sama, to ya fara yarda cewa ƙasa ta yi zafi.

Ayar da aka fi karanta mana a daren nan ita ce Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake da shi dominmu, na alheri ne ba na masifa ba. Aya ce mai daɗi, an buga ta a kalanda, an liƙa ta a bayan Keke Napep. Amma mutum nawa ne suka ɗaga ido suka karanta aya ta 10? Can aka ce sai shekara 70 ta cika a Babila kafin a komo da su. Wasiƙa ce annabi Irmiya ya rubuta wa mutanen Yahuza da aka kwashe bauta, kuma yawancin manyan da suka ji an karanta ta a Babila aka binne su. Alkawarin gaskiya ne, sai dai jikoki ne suka ga cikarsa.

Ku koma sura ta 28 ku ga abin da ya fi ba ni tsoro. Akwai wani annabi a Urushalima mai suna Hananiya. Ya tsaya a Haikali gaban firistoci da jama'a ya ce cikin shekara biyu za a karya karkiyar sarkin Babila, a dawo da kayan Haikali da mutanen da aka kwashe. Har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya ta a gaban kowa. Da a yau ne, bidiyon nan da ya zagaye WhatsApp kafin la'asar. Irmiya ma ya ce amin, Ubangiji ya sa haka, don ba ƙin alheri yake yi ba. Daga baya ya komo ya ce masa Ubangiji bai aike ka ba, ka sa mutanen nan sun dogara ga ƙarya. Hananiya bai ga ƙarshen wannan shekarar ba. Ina roƙon fastocinmu da masu bishara, cikin ladabi, su riƙa karanta surorin nan biyu tare.

To idan abin na dogon zango ne, sai mu naɗe hannu mu ce duniya ba gidanmu ba ce? Wannan shi ne ɗaya kuskuren, kuma ya fi yawa a cikinmu da muka tashi a tsofaffin ikkilisiyoyi. Rufin aji yana yoyo, a ce ai muna wucewa ne. Matashi ya ƙi koyon sana'a, ya ƙi karɓar katin zaɓe, wai Yesu ya kusa dawowa. Amma wasiƙar nan ta shekara 70, me ta ce su yi? Su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Birnin waɗanda suka ci su da yaƙi ke nan fa.

Irmiya bai tsaya a rubutu ba. A sura ta 32 sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kansa yana tsare a farfajiyar masu gadi, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo masa da tallan gona a Anatot. Wa ke sayen gona a ƙasar da abokan gaba suka riga suka mamaye? Ya auna shekel 17 na azurfa ya biya, ya kira shaidu, aka sa hannu, ya ba magatakardansa Baruk takardun ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe, gama za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar nan. Ba a daɗe ba birnin ya faɗi, shi kuma aka tafi da shi Masar. Abin da nake kira hangen madawwami ke nan: mutum ya yi aikin yau da kyau, da shaidu da takarda, saboda ya gaskata Allah yana da gobe ko da shi ba zai gan ta ba.

Mu ma nan Arewa a kan irin wannan muke tsaye. A Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo. In da ma'aunin daren Disamba za a auna su, an ce ba su da albarka. Daga wannan aikin ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954, shekara 60 bayan kaburburan nan biyu. 'Yan'uwanmu na EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) da suka fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923 sun ga Boko Haram ta ƙwace hedikwatarsu ta Kwarhi a 2014, an ƙone majami'u masu yawa, kuma sun koma sun sāke gini. Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika, yana hannun waɗanda suka sace shi a Janairu 2020 ya yi magana a bidiyo. Ya ce bai karaya ba, in Allah ya yarda zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa, in kuwa bai samu ba to nufin Allah ne, kada a yi kuka, a gode wa Allah. A cikin Janairun 2020 ɗin aka kashe shi. Duk koyarwar da ba ta da wurin ajiye mutum irin wannan, sai dai ta ce bangaskiyarsa ce ta gaza, ni ban yarda da ita ba.

Manzo Bulus ya kira wahalarsa 'yar ƙanƙanuwa mai wucewa a 2 Korintiyawa 4:17. Kafin wani ya ce bai san wahala ba ne, ya duba sura ta 11: sau biyar ana yi masa bulala arba'in ba ɗaya, sau uku da sanduna, sau ɗaya aka jajjefe shi, sau uku jirgi ya fashe da shi. Ta yi masa sauƙi ne domin ya ɗora ta a sikeli ɗaya da ɗaukakar da ba ta ƙarewa.

Yanzu bari in sauko kasuwa, don can ne ake gane wanda ya gaskata da tashin matattu. Ɗan'uwa mai sayar da masara, mudun da kake saye da shi a ƙauye shi ne wanda kake sayarwa da shi a gari? Annabi Amos ya yi faɗa a kan masu rage mudu, kuma masu zuwa sujada ne, suna ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe rumfa. Wanda ya cika sito da kaka yana jiran Agusta farashi ya ninka, maƙwabcinsa kuwa yara na kwana da yunwa, ya karanta Karin Magana 11:26. Ba ajiya aka hana ba, Yusufu ma ya yi ajiya a Masar. Mai arzikin nan na Luka 12 da ya rushe rumbunansa ya gina manya, laifinsa shi ne a duk lissafinsa babu Allah, babu maƙwabci, kuma babu daren da za a karɓi ransa. Haka ma'aikaciyar jinya da ke duba marar lafiyar da ba shi da kowa, da malamin da ke shiga aji ko albashi ya makara, da wanda ya biya bashin da mai shi ya riga ya manta. Babu mai kiransu gaba su ba da shaida ranar Lahadi, amma Kolosiyawa 3:23 da su take.

Wani abu da nake so a 1 Korintiyawa: Bulus ya gama doguwar sura ta 15 a kan tashin matattu, ya ce wahalarku cikin Ubangiji ba banza ba ce, sai kawai ya shiga maganar tara gudummawa domin tsarkaka na Urushalima, kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. Bai ga wata tazara tsakanin maganar biyu ba.

Saboda haka ga roƙona ga dattawan ikkilisiya da shugabannin Zumuntar Mata. A bana, kafin a buga allon sunan shekara, a zauna a rubuta sunayen gwauraye da marayu da waɗanda aka raba da gonakinsu a cikinmu. Daga hatsin godiyar kaka a keɓe buhunan da ba za a taɓa ba sai Yuli, a sa mutum biyu ko uku masu amana su riƙe makulli da littafi. Wanda kuma aka daina gani a sujada, a je gidansa da mudu biyu a hannu kafin a tambaye shi dalili.