Dukiyar da Ke Kwance a Ƙarƙashin Teku da Masu Haƙƙin da Ba a Saurara

Tun daga watan Disamba na 2015, lokacin da shugaban Kolombiya na wancan lokaci, Juan Manuel Santos, ya sanar da gano ragowar jirgin ruwan San Jose a kusa da birnin Kartahena, nake bibiyar taƙaddamar da ake yi a kan wanda ya mallaki jirgin, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda hankalin jama'a ya karkata ga dala biliyan 17 zuwa 20 da ake ƙiyasta kayan cikinsa za su kai. Jirgin na masarautar Sifaniya ne, kuma ya nutse a watan Yuni na 1708 yayin artabu da jiragen yaƙin Ingila, ya tafi da mutum kusan 600. Yana kwance a zurfin kimanin mita 600, kuma hotunan da aka ɗauko sun nuna igwa ta tagulla, da kofunan tangaram na ƙasar Sin, da sulallan zinariya a warwatse a kan yashi. Wanda ya dubi hotunan nan da idon basira zai gane cewa maƙabarta yake kallo.

Kolombiya ta ce a ruwanta jirgin yake, saboda haka nata ne. Sifaniya ta dogara da ƙa'idar nan da ta ce jirgin yaƙi ba ya fita daga hannun ƙasarsa komai daɗewarsa a ruwa, sai idan ita da bakinta ta ce ta yafe shi. Kamfanin Sea Search Armada na Amurka kuwa ya ce magabatansa ne suka fara gano wurin a farkon shekarun 1980, har ya kai ƙara gaban kotun sasanci a birnin Heg yana neman dala biliyan 10. Sai kuma al'ummar Qhara Qhara ta Bolibiya, waɗanda suka ce da hannun kakanninsu aka haƙo azurfar da jirgin ya ɗauko, kuma a ganina su ne suka fi kowa hujja duk da cewa su ne ba su da kujera a zauren shari'a.

Mun riga mun ga yadda irin wannan shari'a take ƙarewa. A 2007 kamfanin Odyssey na Amurka, mai tsamo kaya daga ƙarƙashin teku, ya kwaso sulalla kusan 594,000, nauyin tan 17, daga jirgin yaƙin Sifaniya mai suna Mercedes wanda Ingila ta nutsar a gaɓar Fotugal a 1804, ya ɗora su a jirgin sama daga Jibiralta zuwa Fulorida. Sifaniya ta yi ƙara, ta yi nasara, kuma a watan Fabrairu na 2012 jiragen saman sojanta guda biyu suka kwashe dukiyar. Ƙasar Peru ta shiga shari'ar tana cewa a Lima, babban birninta, aka buga mafi yawan sulallan nan, amma ta dawo hannu rabbana, domin kotun Amurka ta ce jirgin yana da kariyar ƙasa mai iko, ba ta da hurumin raba gardama a kan kayansa. Ban ji tausayin kamfanin ba ko kaɗan, amma halin da Peru ta sami kanta ya tsaya mini a zuciya.

Dalili shi ne tarihin azurfar kanta. Tun daga shekarun 1570 Sifaniyawa suka kafa tsarin aikin tilas da ake kira mita a dutsen azurfa na Potosi, a ƙasar Bolibiya ta yanzu, inda ake tilasta wa garuruwa su riƙa aiko da wani kaso na mazajensu bi da bi. Mutum zai shiga rami da kyandir, ya hau tsani da buhun dutse a bayansa, sannan a wajen tacewa a gauraya garin dutsen da zaiba mai guba wadda take lalata jiki sannu a hankali. Dokar teku tana tambayar tutar da ke kan jirgi da sunan wanda ya fara tsintarsa, ba ta tambayar wanda ya yi gumin. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ina sane da hujjar masu tsamo kayan, cewa su ne suke zuba miliyoyi suna shekaru suna laluben teku, kuma da ba don su ba da wasu jiragen ba a san inda suke ba. Ladan aiki halal ne, a biya su kuɗin wahalarsu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a biya su da kayan tarihin. A 1986 aka yi gwanjon tangaram sama da 150,000 na jirgin Geldermalsen na Holan a Amsterdam, suka watse a gidajen attajirai, ba tare da an yi cikakken nazarin yadda suke jere a cikin jirgin ba, kuma wannan ilimi ya tafi ke nan. Irin wannan asara ce ta sa UNESCO ta fitar da yarjejeniyar 2001 wadda ta hana cinikin kayan da suka shekara 100 a ruwa, sai dai Amurka da Kolombiya ba su shiga cikinta ba.

Na ji daɗi da Kolombiya ta ayyana wurin San Jose a matsayin yankin tarihi mai kariya a 2024. Abin da nake fata yanzu shi ne kada a sayar da ko sulai ɗaya, a bar ƙasusuwan matattu inda suke, a ajiye abin da aka tsamo a haɗe wuri guda, sannan a zauna da wakilan Qhara Qhara tun kafin a yanke shawara, ba bayan an gama ba. Idan an zo baje kolin azurfar nan, ina so a kai wani ɓangare nata Potosi, a ajiye a gindin dutsen da aka haƙo ta, tare da sunayen garuruwan da aka kwashi mazajensu.