Gurbin aikin da ba ya cika, laifin wa ne?

A makon jiya na ji wani ɗan kasuwa a rediyo yana ƙorafi wai wata uku ke nan yana neman ma'aikata bai samu ba, don haka matasan Kaduna ragwaye ne, ba su da aiki sai zaman majalisa da latse-latsen waya. Har aka rufe shirin babu wanda ya tambaye shi nawa yake biya, kuma abin da ya ɓata mini rai ke nan.

Gaskiya ne tallar aiki ta cika gari. Bi ta Ahmadu Bello Way zuwa Kasuwar Gumi, ko ka leƙa Kawo da Barnawa, za ka ga takardu manne a bango da turakun lantarki: ana neman yarinyar shago, ana neman mai zaman POS, ana neman mai gadi. Amma wanda ya saba bin hanyar ya san ta bara ce rana ta koɗe, aka buga sabuwa aka liƙa a kanta. Ana samun masu shiga, sai dai ba sa wuce wata biyu.

Ɗan yayata yana da takardar shaidar malanta ta NCE, a Rigasa yake zaune. Ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi can wajen Unguwar Rimi, naira dubu 25 a wata, aji uku, daga ƙarfe bakwai har la'asar, idan an yi hutu kuma babu ko sisi. A gabana ya ɗauki biro ya lissafa kuɗin keke, hawa biyu zuwa, biyu dawowa. Abin da ya rage ko abincin rana ba zai saya masa ba har wata ya mutu. Ya ajiye aikin. Yanzu shi ma a bakin mai makarantar yana cikin ragwaye.

A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, Gwamna Uba Sani kuma ya amince da dubu 72 ga ma'aikatan jiha. Sai dai dokar ta tsame duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato galibin masu liƙa waɗannan takardu. Manyan kuwa sun gano hanyar zillewa: su karɓi ma'aikata ta hannun ɗan kwangila, mutum ya shekara biyar ana ce masa na wucin gadi. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Ku tambayi mai gadin layinku ko ya taɓa ganin irin wannan takarda.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ma ta ƙara wa masu cewa matasa ragwaye ne ƙarfin gwiwa. A 2023 ta sauya ma'auni, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya zama mai aiki, rashin aikin yi ya faɗo daga kashi 33.3 zuwa 4.1 cikin ɗari a kan takarda. Tukunyar kowa kuwa tana nan yadda take.

A garin da ke da Kakuri, unguwar masaƙu, bai kamata a yi wa mutane gorin ragwanci ba. Tun 1957 da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL), sannan masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, dubban mutane suka yi ta sammako suna bin jiniya, wasu su kwana a bakin injin, domin a wancan lokacin akwai albashin da ke riƙe gida da ƙungiyar da ke tsaya musu. 'Ya'yansu da jikokinsu ne ake zagi yau.

Masu cewa da babu gara ba daɗi ba za su tura ɗan cikinsu aikin da kuɗin mota ke cinye albashinsa ba. Masu kukan tsadar mai tun bayan cire tallafi a 2023 kuwa su tuna man nan ma'aikacinsu ma yake saye, a kuɗin keke da na garin masara. Wanda ba zai iya biyan ladan gumin mutum ba ya zauna a shagonsa da kansa, ya daina ɓata sunan 'ya'yan mutane.

Ya kamata majalisar tarayya ta rage wannan iyaka ta mutum 25, jami'an ƙwadago su fito daga ofis su shiga makarantun kuɗi da kamfanonin gadi su duba takardun albashi. Gidajen rediyonmu kuma, duk wanda ya zo kukan rashin ma'aikata, a fara sa shi ya faɗi albashin a gaban masu sauraro kafin a ba shi makirufo.