Ta rasu ta bar 'ya'ya da jikoki, sai kuma me?

Mako uku cur gawar maƙwabciyata ta yi kafin a kai ta makwancinta. Na daɗe a Manchester, amma wannan jinkirin har yau bai zauna mini ba, ni da na tashi inda ake rasuwa da hantsi a sallaci mutum bayan azahar. Shekarunta 92, Baturiya ce, nas mai ritaya, kuma yarana Kaka suke ce mata tun suna rarrafe. Na san akwai mai tambayar me ya kai ni coci. Haƙƙin maƙwabtaka ne ya kai ni. Matar da ta taɓa kwana a falona tana auna zafin jikin ɗana ba zan ji an ɗauke ta ina ɗaki ba. Na je, na zauna a layin baya.

A bakin ƙofa aka miƙo wa kowa 'yar takarda. A bangonta hoton wata budurwa ce da farar hula, agogo maƙale a ƙirjin rigarta. Sai da na ƙura ido na gane Kaka ce. Da aka zauna, babbar 'yarta, wadda ita ma ta yi furfura, ta tashi ta karanta rayuwar uwarta daga farko har ƙarshe, kusan minti goma sha biyar, ba gaggawa.

Tana 'yar shekara 18 ta shiga koyon aikin jinya, farkon shekarun 1950. Lokacin hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, jaririya ce, domin ranar 5 ga Yuli 1948 ministan lafiya Aneurin Bevan ya ƙaddamar da ita a asibitin Park da ke Davyhulme, nan gefen Manchester. Ɗalibai a gidan nas-nas suke kwana, ƙarƙashin idon metiron, wato shugabar nas-nas, da dare a kulle ƙofa. Ta yi aiki a ɗakin masu tarin fuka sa'ad da maganinsa bai daɗe da fitowa ba. Ta ga yaran da shan inna ya hana numfashi an sa su cikin wani tulun ƙarfe yana ja musu iska, kafin a fara rigakafin cutar a ƙasar a 1956. Sirinji na gilashi ne, a dafa shi a sake amfani da shi. Da ta yi aure ta ajiye aikin, kamar yadda ake sa ran kowace nas ta yi a zamanin, amma da ƙaramin ɗanta ya shiga makaranta sai ta koma, ta zaɓi aikin dare. 'Yar ta ce: "Mukan tashi mu tarar da ita a kicin da takalmin aiki a ƙafa, tana haɗa mana abin kari. Sai da na girma na gane ba tashi ta yi da wuri ba, ba ta kwanta ba ne." Nan muryarta ta karye. Jika ya karɓa, ya faɗi yadda Kaka ke yi musu ɗaurin rauni na gaske idan sun faɗi, ba ta yarda da kukan banza ba, amma kuma ba ta taɓa cewa ciwo ƙarami ne ba.

Ina sauraro, zuciyata na gida, wurin Gwaggona. Ita ma nas ce kuma ungozoma, ta haura shekara talatin a ɗakin haihuwa. Ranar da ta rasu layinmu bai ɗauki jama'a ba. Kwana uku ana shiga ana fita, ana sauke Alƙur'ani, ana addu'a. Amma sanarwar rasuwarta kowa ya san irinta, don duk iri ɗaya ce: ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, ta bar 'ya'ya da jikoki da dama, daga cikinsu akwai Alhaji wane na ofishi kaza. Aka faɗi muƙamin ɗanta, ba a faɗi nata ba. Da namiji ne da an ce tsohon darakta, tsohon hedimasta, ko da tsohon masinja ne sai an ambata. Ita kuwa shekara talatin na tsayuwar dare suka narke cikin "mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta". Na yi imani cikin matan da suka cika tsakar gidan nan akwai waɗanda hannunta ne ya fara taɓa 'ya'yansu, wataƙila ma su kansu. Babu wadda ta faɗa a fili. Jikokinta ƙanana sun san ta da carbi da alewar da take ɓoyewa a ƙarƙashin filo, shi ke nan.

Kada wani ya ɗauka na zo yabon Turawa ne. Na ƙirga mu a cocin nan, ba mu kai talatin ba. Matar da ta yi jinyar dubbai. Shekarunta uku na ƙarshe a gidan kula da tsofaffi ta yi su, kuma hannun da ya yi wa baƙi wanka rabin ƙarni, baƙi ne suka yi masa nasa wankan, galibinsu 'yan Indiya da Filifin da Najeriya, waɗanda a yau suke riƙe da babban kaso na aikin jinya a ƙasar nan. Ba na zargin 'yarta. Duk Lahadi tana zuwa, ita ma tana fama da nata ƙafafun, sauran kuma aiki ya watsa su garuruwa. Tsarin rayuwar ne haka. Gwaggo a ɗakinta ta cika, jikarta na matsa mata ƙafa, ana laƙƙana mata kalmar shahada. In aka ce in zaɓi irin mutuwar da nake so, ba sai na yi dogon tunani ba.

Su ma Turawan ba kullum suke tunawa da nas-nas ɗinsu ba. Kowa ya san Florence Nightingale, wadda ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860, har ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ta zama ranar ma'aikatan jinya ta duniya. Amma Mary Seacole, baƙar fata 'yar Jamaika da ta yi jinyar sojojinsu a yaƙin Kirimiya, ta rasu a 1881 aka manta da ita kusan shekara ɗari, sai 2016 aka kafa mata gunki a harabar wannan asibitin. A 2020, lokacin korona, duk Alhamis ƙarfe takwas na dare mukan fito bakin ƙofa mu yi wa ma'aikatan lafiya tafi. Ba a cika shekara uku ba, a Disambar 2022, nas-nas ɗin suka fita yajin aiki kan albashi. Tafi ba ya biyan haya.

Duk da haka, abin da na gani ranar nan ya tsaya mini a rai, kuma ina ganin a wannan gaɓar sun fi mu. Mu muna da jama'a, muna da addu'a, muna da rakiya. Abin da muka rasa shi ne mu buɗe baki mu faɗi aikin da mace ta yi, da sunansa.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a waya: mamaci addu'a yake buƙata, ba kirari ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a rage ko Fatiha ɗaya ba. Sai dai faɗin alherin mamaci ba baƙon abu ba ne a addininmu. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa an wuce da wata jana'iza, sahabbai suka yabi mamacin, Annabi (SAW) ya ce ta tabbata, ya kuma ce musu su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Matar nan mai sharar masallaci da aka binne ba a sanar da shi ba, ya neme ta, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Da aikinta muka san ta har yau. Rufaida Al'aslamiyya ma da tantinta na jinya muka san ta, inda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan raunin da ya samu a yaƙin Handaƙ. Ko a ƙasarmu, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba manyan malamai da sarakuna kaɗai ta yi wa marsiyya ba. Ta yi wa wata mata Zaharatu, ta lissafa hidimarta: zuwa wurin masu naƙuda, wankan gawa, koyar da mata addini. Ashe ba daga Ingila za mu aro abin ba, namu ne muka ajiye.

Kuma shirun yana da tsada. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Mu ne kuma za ka ji magidanci ya rantse namiji ba zai duba matarsa ba, amma in 'yarsa ta ce za ta makarantar jinya sai ya ce ba ya son aikin kwana a waje. To wa zai karɓi haihuwar? Yarinyar da ta tashi tana jin ana faɗa a gaban manya cewa kakarta ta ceci rayuka, ana faɗa da girmamawa, ba za ta ji kunyar farar riga ba, mahaifinta ma zai ji nauyin hana ta. A cocin nan jikar Kaka ɗaya ta zo da kayan aikinta a jiki, daga asibiti ta wuto. Ba wanda ya yi mamaki.

Ba ina cewa a kawo mimbari a zaman makoki ba ne, ko a buga hotuna a raba. Cikin kwana ukun nan da ake zaune, bayan an shafa, me zai hana wata babba ta ce wa yaran gida ku matso ku ji wace ce kakarku? Ko ɗaya daga cikin 'ya'yan nan masu muƙami ya zauna ya rubuta shafi biyu ya ajiye? Ni kaina da nake wannan surutu ban yi ba. Duk shekarun nan da rasuwar Gwaggo, ban taɓa tambayar tarihinta ba.

Da na dawo daga maƙabarta na kira mahaifiyata. Bayan gaisuwa na ce, "Umma, wai a ina Gwaggo ta yi karatun nas ɗinta, kuma wa ya bar ta ta je a wancan zamanin?"

Ta yi shiru, har na ɗauka layin ya yanke. Sai ta ce, "Yau kuma? Lafiya dai ko?"

Na ce lafiya lau, so nake in rubuta.

Ta ce, "To ai ke ma ita ta karɓe ki. Da ƙafa kika zo, ga ba wuta, fitilar ƙwai aka riƙe mata. Nemo abin rubutun, zancen da tsawo. Amma bari in yi la'asar tukuna."