Kafin a ɗora wa uwa laifin ciwon ɗanta

Jiya na dawo daga Argungu, wajen ta'aziyyar ɗan ƙanwata, wanda shi ne na biyu da ta rasa kafin ya cika shekara uku. Kamar yayansa, sai da ya fara rarrafe, sannan bayan wani zazzaɓi wuyansa ya saki, ya daina kama nono, jijjiga ta biyo baya. A tsakar gida na ji wata dattijuwa tana cewa jinin uwar ne ba shi da kyau, kuma har yanzu maganar tana ci mini rai.

Likitan da ya duba yaron ya yi zargin ciwon mitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke cikin ƙwayoyin jikinmu suna mayar da abinci ya zama ƙarfi, waɗanda idan suka gaza ƙwaƙwalwa da tsoka da zuciya ne ke fara jigata. An ƙiyasta yana shafar mutum 1 cikin 5,000. Gaskiya ne mitokondiriya tana da ƙwayoyin gado 37 da daga uwa kaɗai ake samun su, amma a yara ƙanana galibin ciwon yana fitowa ne daga ƙwayoyin da uwa da uba suka ba da tare, alhali dukansu lafiya lau suke. Auren zumunci, wanda muke yi da kyakkyawar niyya, yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan ƙwayoyi.

Gwajin sikila da ake yi kafin aure ba ya nuna wannan ko kaɗan. Sai an karanta ƙwayoyin gadon yaro da na iyayensa, wani lokaci ma jini ba ya isa, sai an duba fitsari ko ɗan yankin tsoka.

Wasu za su ce mene ne amfanin gwaji tunda ciwon ba shi da maganin warkewa. Ni ina ganin amfaninsa babba ne. Maganin farfaɗiya na valproate yana iya lalata hantar wasu masu wannan ciwo, allurar gentamicin da ake yawan yi wa yaranmu kuma tana iya kurmantar da masu wani nau'in canjin mitokondiriya, kuma likita ba zai kauce musu ba sai ya san abin da ke gabansa.

An gaya mana sai an aika jinin ƙasar waje, kuɗin kuma ya fi ƙarfin gidan. Ƙanwata tana da cikin wata biyar, shi ya sa muka fara haɗa kuɗin a dangi domin a gwada ta tare da mijinta.