Awon Takardun Yanka Yana Jawo Mana Asara

Mu da ke ɗinka 'yan tsana da dabbobin ƙyalle a Agege da Idi-Araba, a Legas, mun gaji da biyan kuɗi a kan takardun yanka, wato zanen da ake bi a yanka yadi, waɗanda awonsu ba ya tsayawa wuri guda. Ta intanet ake sayar mana da su, mu kai a buga, mu yanka yadin da muka sha cunkoson hanya kafin mu sayo shi a kasuwar Balogun, sai mun hau keke mu tarar hannun 'yar tsana ya ƙi zama inda aka yi masa alama.

Da yawa daga cikinsu an tsara su ne a kan takardar Amurka, mai faɗin milimita 216 da tsawon 279, alhali A4 da muke amfani da ita faɗinta 210 ne, tsawonta 297. Mai shagon buga takardu, don kada gefe ya yanke, sai ya bar kwamfuta ta matse zanen da kusan kashi 3 cikin 100, kuma bai ga dalilin faɗa wa kowa ba. Idan aka ɗauke wuta aka ƙarasa sauran shafukan a wani shago da wani saitin, shi ke nan, gaba da baya ba za su haɗu ba.

Amma babban laifin na masu sayarwa ne. Me zai hana su zana ɗan murabba'i na inci 1, wato santimita 2.54, don mu aza tef mu tabbatar kafin almakashi ya taɓa yadi? Me zai hana su rubuta ko sun bar rarar bakin ɗinki? Rarar nan ba ta wuce milimita 6 ba, amma a siririyar ƙafar zomo, idan ɗinki ya cinye ta dama da hagu, milimita 12 sun tafi, ƙafar ba za ta juyu ba balle ta karɓi auduga. Ba sa ma faɗin irin yadin da suka gwada da shi, alhali mai miƙewa daban, atamfa daban.

Abin da ya fi ƙona rai, idan aka kai musu kuka sai su ce hannunmu ne bai ƙware ba. Wallahi wannan rainin hankali ne. Duk wanda ya sayar da takardar da bai ɗinka ya gani ba, ya mayar mana da kuɗinmu, ya kuma biya yadin da ya lalace.